Kalmomin da Sista ta koya wa matata

Shekarar da na ɗauko iyalina daga gida muka tare a unguwar Sih, babban ɗanmu yana da shekara takwas, ni kuma ina shekara ta uku a jami'a a nan Madina. Ɗaki biyu muka kama a hawa na biyu na wani tsohon gini. Tagarmu tana kallon shagon wani Basudane mai sayar da wake da burodi, da safe ƙamshinsa ne yake riga hayaniyar motoci shigowa. Har yau in na ratsa layin sai na rage gudu na ɗaga kai. An sake wa ginin fenti, amma ragar ƙarfen da na sa a tagar don kada yaron ya leƙa ya faɗo tana nan.

Yaron ba kamar sauran yara yake ba. Bai fara magana ba sai da ya kusa shekara biyar, ko a lokacin ma kalmominsa ba su da yawa. Ba ya haɗa ido da mutum. Ƙara tana damunsa, in na'urar sanyaya ɗaki ta fara kuka sai ya toshe kunnuwa ya maƙale a bayan ƙofa. Abin da ya fi so a duniya shi ne jera takalma. Duk baƙon da ya zo gidanmu, in ya tashi tafiya zai tarar da takalminsa a layi tare da namu, babba na bin babba, ƙarami na bin ƙarami.

A gida an ba lalurarsa sunaye da yawa. Wasu sun ce ɗan ruwa ne, wasu sun ce galahanga, wata gwaggona kuwa ta rantse iska ce ta shafe shi tun yana ciki. Makarantu biyu suka dawo mana da shi, kowacce da magana ɗaya: ba ya zama, yana hana sauran yara karatu.

Garinmu gari ne da Musulmi da Kirista suke cin kasuwa ɗaya. A bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa akwai makarantar 'yan Katolika. Wata mata da take sayar wa matata doya ce ta gaya mata cewa akwai aji guda a can na irin waɗannan yara, wata Sista ce take riƙe da shi, kuma ba a tambayar addinin yaro. Matata ta kwana biyu da maganar a ciki kafin ta fito da ita.

"Malam, da za ka yarda, da mun gwada can," ta ce.

"Ɗana a makarantar coci?" na ce. "Ni da nake jan salla a masallacin unguwa, me zan ce wa mutane?"

Mahaifiyata ce ta ji labari ta aiko a kira ni. Na same ta tana gyaran zogale a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Mutanen nan da kake jin kunyarsu, wanne ne a cikinsu ya taɓa zama da yaron nan na awa ɗaya? Salla a gida zai koya, a gabanka. Ka bar uwarsa ta kai shi."

Na yarda, amma yardar da ba ta kai zuci ba. Kullum da safe nakan ɗauko su a babur, in tsaya a gindin wani mangwaro nesa kaɗan da ƙofar makarantar, su sauka su ƙarasa da ƙafa. Ban taɓa shiga ba. Sau ɗaya a wata, ranar Asabar, Sistar takan tara iyaye. 'Yar kudancin Kaduna ce, matata ta ce Hausarta har da karin magana. Takan rubuta kalmar Turanci a allo, irin waɗanda likitoci da malamai ke jefa wa iyaye, sannan ta warware musu ita da Hausa har sai mai sayar da doya ma ta gane. Matata firamare kawai ta gama sai islamiyya, amma ba ta taɓa fashin zaman nan ba. In ta dawo takan zauna kusa da ni tana ba ni labari, ni kuma ina gyaɗa kai idona na kan littafi. Da na sami gurbin karatu a Madina na taho na bar su a haka, sai bayan shekara biyu na samu na yi musu takardu suka biyo ni.

To a Madina sai al'amari ya juye. Makarantar da ta karɓi yaron ta maza ce zalla, mata ba sa shiga. Duk abin da uwarsa take yi a can, ni ne zan yi shi a nan. Bai yi wata ɗaya ba aka ba shi takarda ya kawo gida, ana gayyatata zama da malamai, a ƙasa kuma akwai wurin sa hannu.

Bayan la'asar na zauna da takardar. A lokacin ina ji da kaina a Larabci. Na sha manyan littattafan nahawu da fiƙihu, har 'yan ajinmu sukan zo in warware musu jimla mai wuya. Babu kalma ɗaya a takardar nan da ban san tushenta ba, amma da na haɗa su sai raina ya ɓaci. An rubuta cewa yaron yana da tawahhud. Kalmar gidansu ɗaya da tauhidi, daga "ɗaya" ta fito, wato kaɗaici. An ce za a yi masa khuɗɗa fardiyya, tsari na mutum shi kaɗai. An ce za a riƙa kai shi gurfatul masadir, wato ɗakin masadir, ni kuwa masadir da na sani su ne littattafan da ɗalibi yake dogara da su a bincike. Sannan ga wata kalma, damj, cusa abu cikin wani abu. Abin da na fahimta shi ne za su ware ɗana su kulle shi a ɗakin karatu shi kaɗai, don kada ya dame su, amma sun lulluɓe abin da kalmomi masu daɗi.

"Ba zan sa hannu ba," na ce wa matata. "Abin da aka yi mana a gida ne, sai dai wannan da Larabci."

Tana ninke kayan wanki. Ta ajiye ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ni. "Malam, karanta mini da Hausa. Ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa."

Na fara da ta farko. Ta ce, "Wannan sunan lalurar ne kawai. Sista otizim take cewa. Ta ce mu riƙe sunan don da shi ake buɗe ƙofar taimako, amma kada mu kira yaro da shi. Sai ta biyu?"

Na faɗa mata tsarin mutum shi kaɗai. Sai na ga fuskarta ta washe.

"Ai wannan shi ne takardar alkawari! Ba shi kaɗai za a ajiye shi ba, tsarin ne nasa shi kaɗai, kamar yadda tela yake auna mutum. Za a rubuta inda yake yanzu, da inda ake so ya kai, da wanda zai kai shi. Mun yi sau huɗu a can. Na sha gaya maka."

Ta sha gaya mini, gaskiya ne. Na sunkuyar da kai na karanta ɗakin masadir. Ta tambaya ko an rubuta awa nawa. Na duba, darasi biyu ne a rana. Ta ce to wannan ɗakin tabarma ne. Haka suke kiransa a can saboda tabarma ce a shimfiɗe a ciki maimakon benci, akwai katuna masu hotuna, yaro yakan je ya yi aiki da malami ɗaya sannan ya koma cikin 'yan ajinsa. Komawar nan cikin sauran yara kuwa, in ji ta, ita ce kalmar ƙarshe da na fassara da cusawa. Sista takan ce musu ba a koyon iyo a tudu, yaro sai a cikin yara yake koyon zama da yara.

Rabona da jin kunya irin ta ranar nan tun ina ƙarami.

Kwana biyu kafin zaman, matata ta zama malamata. Ta ce in na je kada in fara da abin da ya gaza, in fara da abin da ya iya. Ta sa na rubuta: yana gane launuka, yana cin abinci da kansa, yana iya jera abu ashirin ba kuskure, yana bin Fatiha a bayan mai karantawa. Ta ce in tambayi wanda zai rubuta burin, da yaushe za a sake zama a duba. In sun ce "zai inganta", in ce su faɗa da lissafi, minti nawa, kalma nawa. Ta ce uba ba baƙo ba ne a wurin, ɗaya ne daga cikin masu rubutawa, in akwai abin da ban yarda da shi ba ina da ikon cewa a'a.

Ranar Lahadi na sa farar jallabiyata na tafi. Mutum uku na samu a ofis, amma wanda ya riƙe maganar malamin ɗakin masadir ne, wani dattijo gajere mai furfura a gemu, mutumin Badar. Ya zuba mini gahawa ya turo farantin dabino, ya ce daga gonar babansa ne. Daga yadda ya fara bayani a hankali, yana maimaitawa, na gane ya saba da iyayen da ke zuwa ko a fusace ko a tsorace. Na bari ya gama, na zaro 'yar takardata na karanta masa abubuwan da yaron ya iya. Sannan na shiga tambayoyi. Da na kai kan minti nawa, kalma nawa, sai ya ajiye alƙalaminsa.

"Ya shaikh, kai malamin wannan fanni ne a ƙasarku?"

"A'a, shari'a nake karantawa."

"To wa ya koya maka wannan?"

Na dubi fuskokinsu. A Madina nake, a gaban mutum uku da ban sani ba. Sai na ce, "Matata ce. Ita kuma wata mata Kirista ce ta koya mata, mai hidimar coci, a makarantarsu da yaron ya yi."

Ya gyaɗa kai ya ɗauki alƙalaminsa. "Ta san aikinta," ya ce. "Ta rage mini rabin nawa."

Wuri ɗaya muka saɓa. Ya ce tunda yaron maganarsa kaɗan ce, harshe biyu zai rikita shi, gara mu daina yi masa Hausa a gida gaba ɗaya. Maganar ta yi mini kama da hankali, har na kusa amsawa, sai na ce a ba ni zuwa gobe. Da na gaya wa matata sai ta girgiza kai tun ban rufe baki ba.

"Kalmomin da yake da su, da ƙyar muka same su, Malam. Shekara biyu muna bin 'ruwa' kafin ta zauna a bakinsa. Sista ta ce ba a rushe ɗakin da mutum yake ciki don za a gina masa sabo. Kuma in ya manta Hausa, da me zai gaida Inna a waya?"

Washegari na koma na faɗa wa malamin, ban rage komai ba. Ya shafa gemunsa, ya ce shi dai ba haka aka koya masa ba, amma a gwada zango ɗaya a gani. Sai ya ba ni fararen katuna ya ce in rubuta masa kalmomin Hausar da yaron ya sani da haruffan Larabci. Haka aka yi dattijon nan na Badar ya koyi cewa "ruwa" da "zauna" da "sannu", yana faɗarsu da wani irin lanƙwasa da ke sa yaron murmushi. A takardar alkawarin farko buri uku muka rubuta: ya tsaya a layin safe na taron ɗalibai har minti uku ba tare da ya gudu ba, ya nemi ruwa da baki, ya amsa sallama. Na sa hannu.

Ba a miƙe abin ya tafi ba. Lasifikar layin safe ta hana shi sakat har wata biyu, kullum sai ya ruga ya ɓuya a bayan motar makaranta. Akwai makon da ya ƙi shiga aji sam saboda an canja masa kujera. Akwai ranar da wani yaro ya kwaikwayi yadda yake kaɗa hannu, 'yan aji suka yi dariya, ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Malamin ne ya lura da son da yake yi wa takalma, ya ba shi aikin jera na ɗalibai a ƙofar masallacin makaranta lokacin azahar. Daga nan yaran suka san shi da wani abu ban da kaɗa hannu, har suna rige-rigen miƙa masa nasu.

Wata ranar zafi muna dawowa daga makaranta, a daidai shagon Basudanen nan, ya ja rigata ya ce, "Abga moya." Ina son ruwa, da Larabcin mutanen Hijaz. Na tsaya cak ina kallonsa. Da ya ga ban motsa ba sai ya ɗaga murya, kamar mai magana da wanda ba ya ganewa, ya ce, "Baba, ruwa!" Basudanen ya miƙo gora ya ƙi karɓar komai. Na haura bene da gudu kamar yaro don in gaya wa uwarsa. Ta zauna a bakin ƙofar kicin ta rufe fuska da gyalenta, ta daɗe a haka.

Kafin mu bar Sih, matata ta zama wadda ake nema. Matan 'yan uwanmu na Najeriya da Nijar, har da wata 'yar Chadi, sukan zo da takardun makarantar 'ya'yansu a cikin jaka. Ni in karanta daga bayan labule in juya da Hausa, ita ta faɗa musu abin da ake nufi. Ta koyi kalmomin Larabcin duka, amma har yau ɗakin tabarma take cewa, su ma matan haka suka ɗauka.

Da muka je gida hutu bayan na gama digiri na biyu, na ce mata ina so in ga Sistar. Muka je mu uku. Ajin ƙarami ne ƙwarai, ban zaci haka ba, taga ɗaya, katunan hotuna an yanko su daga kwalayen madara da na sabulu. Wata matashiyar Sista muka samu. Ta ce tsohuwar Sistar ƙafafunta sun gaza, an mayar da ita gidansu na hutawa a wani gari mai nisa. Hutunmu ya kusa ƙarewa, ban samu zuwa ba. Na rubuta mata wasiƙar godiya da ban haƙuri da Hausa, shafi biyu, na haɗa da kwalin dabinon Madina na bar wa matashiyar ta aika.

Mun dawo Madina da kamar wata biyu sai ga saƙon murya a wayar matata. Karo na farko ke nan da na ji muryarta, siririya, tana rawa kaɗan. Ta yi godiyar dabino, ta ce haƙoranta sun gode da taushinsa. Ba ta ce komai a kan dogon ban haƙurin da na rubuta ba. Tambayoyi ta jero: yana barin a aske masa kai yanzu? Yana da aboki ko guda ɗaya? Uwarsa tana samun hutu kuwa? A ƙarshe ta ce, "Malam, ka riƙa zuwa zaman da kanka ko da an bar mata su shiga. Yaro yana sanin wanda ya zo dominsa." Muka sa yaron ya yi mata sallama da Hausa muka aika. Bayan shekara ɗaya aka gaya mana ta rasu.

Yanzu yaron ya kai sha shida, ya fi ni tsawo. Ina koyarwa, mun koma wani gida mafi faɗi ta wajen Awali, inda iska ke kawo ƙamshin gonaki in an yi ban ruwa. Dattijon malamin ya yi ritaya ya koma Badar, mukan gaisa da salla, kuma har yanzu da "sannu" yake buɗe wayar. Gidan nan ya fi na Sih komai, amma wani lokaci nakan yi kewar ɗakin nan mai kukan na'ura, da ni da ita a zaune a ƙasa, takarda ɗaya a tsakaninmu.

Kwanakin baya aka sake aiko takarda daga makarantarsa ta yanzu. Akwai sabuwar kalma a ciki, tahil mihani, wato shirya shi ga sana'a. Na karanta mata da Hausa, na jira bayani kamar yadda na saba. Sai ta yi dariya.

"Wannan kam Sista ba ta kawo mu nan ba, Malam. Yaranta duk ƙanana ne."

"To yaya za mu yi?"

"Ɗauko alƙalami," ta ce. Ta leƙa falo inda yake zaune yana kallon taga, ta ɗaga murya. "Kai, zo nan. Wane aiki kake so ka koya?"

Ya taso ya zo ya tsaya a kanmu, ya daɗe yana tunani. Muka jira shi.